Dashen Ƙoda: Binciken Paul Terasaki Kan Dalilin Da Ke Sa Jiki Ya Ƙi Sabuwar Ƙoda

A duk asibitin da ake dashen ƙoda, a Abuja ne ko Kano ko Legas, akwai wani gwajin jini da ake yi kafin a shiga ɗakin tiyata. Ana haɗa ruwan jinin majinyaci da fararen ƙwayoyin jinin wanda zai ba shi ƙodar, a ga ko za su zauna lafiya. Idan gwajin ya nuna gaba a tsakaninsu, likitoci kan dakatar da aikin, ko da mai bayarwar mahaifiya ce ko ɗan'uwa shaƙiƙi. Wannan gwaji, wanda ake kira gwajin dacewa, ya samo asali ne daga aikin Farfesa Paul Ichiro Terasaki, masani ɗan ƙasar Amurka wanda iyayensa 'yan asalin Japan ne. Ya shafe fiye da shekara hamsin yana bin diddigin tambaya guda: me ke sa jikin ɗan Adam ya yaƙi ƙodar da aka dasa domin ceton ransa?

Dalilin da jiki ke ƙin baƙuwar ƙoda

Aikin garkuwar jiki shi ne rarrabe na gida da baƙo. Kusan kowace ƙwayar halitta a jikin mutum tana ɗauke da wasu tambura a bayanta, waɗanda masana ke kira HLA. Fararen ƙwayoyin jini suna kewaya jiki dare da rana suna duba waɗannan tambura. Wanda suka sani sai su wuce shi, wanda ba su sani ba kuwa sai su far masa. Da haka ne jiki ke kare kansa daga ƙwayoyin cuta. Sai dai garkuwar ba ta san niyyar likita ba. A wurinta, ƙodar da aka kawo daga jikin wani baƙuwa ce mai ɗauke da tambarin da ba na gida ba.

Mutum yana gadon tamburan nan ne a dunƙule, rukuni ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Saboda haka ɗa da mahaifinsa, ko ɗa da mahaifiyarsa, suna tarayya a rabi. Tsakanin 'yan'uwa uwa ɗaya uba ɗaya kuwa, damar su dace gaba ɗaya ɗaya ce cikin huɗu, damar su dace a rabi biyu ce cikin huɗu, sannan akwai ɗaya cikin huɗu da ba za su yi tarayya a ko ɗaya ba. Hausawa na cewa ɗan'uwa rabin jiki, kuma a wannan fage lissafin ya zo kusa da karin maganar. 'Yan uba, waɗanda suka haɗa mahaifi kawai, iyakar abin da za su yi tarayya a kai rabi ne, sai fa idan iyayensu mata ma dangin juna ne.

Wannan ne ya sa dashen ƙoda na farko da ya ɗore a duniya ya kasance tsakanin tagwaye masu kama ɗaya. A ranar 23 ga Disamba, 1954, Dakta Joseph Murray ya dasa wa Richard Herrick ƙodar ɗan tagwaicinsa Ronald a birnin Boston na Amurka. Da yake tamburansu iri ɗaya ne, jikin Richard bai ga baƙo ba, ya kuma rayu shekara takwas bayan aikin. Amma mutum nawa ne ke da ɗan tagwaici mai kama ɗaya? Ga sauran jama'a, matsalar tana nan daram.

Daga sansanin tsare mutane zuwa ɗakin bincike

An haifi Terasaki a birnin Los Angeles a 1929. Yana ɗan shekara goma sha biyu, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, gwamnatin Amurka ta kwashe iyalansa tare da dubban Amurkawa 'yan asalin Japan ta tsare su. Ya yi shekara uku a sansanin Gila River da ke jihar Arizona. Bayan yaƙi ya yi karatu a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles, inda ya sami digirin digirgir a ilimin dabbobi a 1956. A 1957 ya tafi Landan ya yi aiki a ƙarƙashin Peter Medawar, wanda a lokacin shi ne jagoran masu nazarin dashe.

Medawar ne ya tabbatar da cewa ƙin karɓar dashe aikin garkuwar jiki ne. A 1943, shi da likitan tiyata Thomas Gibson sun lura da wata mata a birnin Glasgow da ta ƙone aka dasa mata fatar ɗan'uwanta. Fatar farko ta ɗauki kwanaki kafin ta lalace, amma da aka sake dasa mata wata daga jikin mutumin nan dai, sai ta lalace da sauri fiye da ta farko. Ma'anar haka ita ce jiki yana tuna baƙon da ya taɓa gani, kuma karo na biyu ba ya yi masa jinkiri. Medawar ya sami kyautar Nobel a 1960.

Garkuwar jiki tana yaƙi ne da makamai iri biyu. Na farko fararen ƙwayoyin jini ne da ake kira ƙwayoyin T, waɗanda ke zuwa da kansu su kashe abin da suka ɗauka abokin gaba. Na biyu wasu sinadarai ne da ke yawo a cikin ruwan jini, ana kiransu antibodi, waɗanda ke manne wa tambarin baƙo su jawo masa halaka. A zamanin Medawar yawancin masana sun fi karkata ga cewa ƙwayoyin ne ke lalata dashe. Terasaki ya koma gida da sha'awar makami na biyu, kuma a kansa ya ƙare rayuwarsa ta bincike.

Ɗan faranti mai ramuka sittin

A 1958 masanin Faransa Jean Dausset ya bayyana tambarin farko daga cikin tamburan HLA. A shekarar nan kuma Jon van Rood a Holan da Rose Payne a Amurka suka gano cewa jinin matan da suka haihu sau da yawa yakan ƙunshi antibodi masu gane tamburan wasu mutane. Da irin wannan ruwan jini ake tantance tambarin mutum, amma samunsa na da wuya, kuma gwajin wancan lokaci yana cin mai yawa.

A 1964 Terasaki da abokin aikinsa John McClelland suka fito da hanyar da ta warware wannan ƙarancin. Sun rage gwajin ya koma ɗigon da bai wuce kashi ɗaya cikin dubu na mililita ba. Ana ɗiga shi a cikin ƙananan ramukan wani ɗan farantin roba, a zuba fararen ƙwayoyin jini, a ƙara wani sinadari da ake samu daga jinin zomo, sannan a sa rini. Idan akwai antibodi da ya gane tambarin ƙwayoyin, sai su mutu rinin ya shige su, a gan su ƙarara a madubin likita. Ruwan jinin da a da zai ƙare a gwaji kaɗan sai ya isa yin ɗaruruwa. Zuwa 1970 hanyar ta zama ma'aunin da ɗakunan gwaji na duniya ke bi, kuma har yau ana kiran farantin da sunan Terasaki.

Binciken 1969

A shekarun 1960 likitocin dashe sun sha ganin wani abin tashin hankali. Za a haɗa jijiyoyin sabuwar ƙoda, jini ya shiga ta yi jawur, sai cikin mintoci ko sa'o'i ta dushe, ta yi laushi, ta mutu, wani lokaci tun majinyacin yana kan gadon tiyata. Babu abin yi sai a cire ta.

A 1969 Ramon Patel da Terasaki suka wallafa sakamakon bincikensu a mujallar New England Journal of Medicine. Sun gwada ruwan jinin majinyata a kan ƙwayoyin waɗanda suka ba su ƙoda. Cikin dashe 30 da gwajin ya nuna majinyacin na ɗauke da antibodi a kan mai bayarwa, 24 sun lalace nan take. Cikin 195 da ba a ga haka ba, 8 kacal suka lalace. Tun daga nan gwajin dacewa ya zama wajibi kafin kowane dashen ƙoda, kuma irin wannan mummunan ƙi na nan take ya zama abin da ba kasafai ake gani ba.

Hanyoyi uku ne ke sa mutum ya mallaki irin waɗannan antibodi tun kafin dashe: ƙarin jini, juna biyu, da dashen da aka taɓa yi masa a baya. A kowanne, jikinsa ya taɓa haɗuwa da tamburan wani ya kuma haddace su. Biyun farko suna da nauyi a Najeriya. Masu ciwon ƙoda kan yi fama da ƙarancin jini, kuma inda allurar ƙara yawan jini ta fi ƙarfin aljihu, ƙarin jini ake komawa. Kowace leda na iya ƙara wa jiki sabbin tamburan da zai ƙi nan gaba, shi ya sa likitocin ƙoda ke kauce wa ƙarin jini ga mai shirin dashe in ba dole ba.

Gaskiyar da ta jawo masa asara

Terasaki ya kafa rajistar da ke tattara sakamakon dashen ƙoda daga asibitoci masu yawa, domin alƙaluma su yi hukunci a kan kowace da'awa, har da tasa. A 1970, a wani taron masana dashe a birnin Hague na Holan, ya bayyana cewa alƙalumansa ba su nuna dacewar tambura tana hasashen nasarar dashe tsakanin waɗanda ba dangi ba yadda ake zato. Maganar ba ta yi wa abokan sana'arsa daɗi ba, kuma ba a jima ba ya rasa tallafin da gwamnati ke bai wa ɗakin bincikensa. Sai ya ci gaba da aiki da kuɗin sayar da farantan gwaji. Daga baya, da aka gano ƙarin tambura kuma alƙaluma suka taru, an tabbatar cewa cikakkiyar dacewa tana ƙara wa ƙoda tsawon rai, amma ba ita kaɗai ke yanke hukunci ba.

Miji da mata

Binciken da ya fi shafar iyalai kai tsaye shi ne wanda Terasaki da abokan aikinsa suka wallafa a 1995. Sun kwatanta ƙodojin da suka ci gaba da aiki bayan shekara uku da dashe. Waɗanda aka samu daga miji ko mata, kashi 85 cikin 100 suna aiki. Daga iyaye, kashi 82. Daga rayayyun da ba dangi ba, kashi 81. Daga mamata, kashi 70. Wato lafiyayyar ƙoda daga rayayyen mutum, ko da tamburansa sun bambanta, tana iya yin kyau kamar ta iyaye, muddin gwajin dacewa bai nuna gaba ba.

Akwai wani bambanci a cikin alƙaluman da ya kamata a lura da shi. Idan mata ce ta bai wa mijinta, kashi 87 ne suka ɗore. Idan miji ne ya bai wa matar da ba ta taɓa ɗaukar ciki ba, haka adadin yake. Amma idan matar ta taɓa ɗaukar ciki, sai ya sauka zuwa kashi 76. Dalili shi ne ɗan da ke cikinta yana ɗauke da rabin tamburan mahaifinsa, don haka jikinta na iya haddace su tun lokacin goyon ciki. Matar da ta haihu sau da yawa tana buƙatar bincike mai zurfi kafin ta karɓi ƙodar mijinta ko ta ɗanta. Wannan bai hana dashen ba, sai dai gwajin ne zai faɗi ko ya dace.

Iri uku na ƙin karɓa

Likitoci sun kasa ƙin karɓar ƙoda gida uku. Na farko shi ne na nan take, wanda gwajin dacewa ya kusa kawar da shi. Na biyu shi ne mai zuwa cikin kwanaki ko watanni, galibi a shekarar farko, kuma sau da yawa ƙwayoyin T ne ke haddasa shi. Idan an gano shi da wuri, yawanci yana jin magani. Na uku shi ne mai tafiyar hawainiya, wanda ke cin ƙananan jijiyoyin ƙodar a hankali tsawon shekaru har ta gaza.

Iri na biyu ne magunguna suka fi cin ƙarfinsa. An fara da azatiyoprin da prednisolon a farkon shekarun 1960. Siklosporin, wanda Roy Calne ya fara gwadawa a kan masu dashen ƙoda a Ingila a 1978, ya sauya al'amarin baki ɗaya. Bayansa aka sami takrolimus, daga wata ƙwayar halitta da aka gano a cikin turɓaya a Japan a 1984. A yau yawancin majinyata suna shan haɗin takrolimus da mikofenolet da prednisolon.

Iri na uku kuwa ya ci gaba da gagarar likitoci, kuma a nan Terasaki ya sake dawowa da hujjarsa ta tun farko. A 2003 ya wallafa maƙalar da ta tattara dalilansa cewa antibodi ne babban sanadin mutuwar ƙoda a hankali. Binciken da ya jagoranta a kan majinyata fiye da dubu biyu ya nuna cewa waɗanda aka sami antibodin HLA a jininsu bayan dashe sun ninka sauran wajen rasa ƙodar cikin shekara guda. A yau duba jini don neman antibodi a kan tamburan mai bayarwa ya shiga cikin aikin yau da kullum na manyan cibiyoyin dashe, da na'urorin da suka fi farantin farko gani nesa ba kusa ba. Akwai kuma hanyoyin tace antibodi daga jini kafin dashe ga wanda bai sami mai dacewa da shi ba, amma suna da tsada da haɗari.

Abin da ke sa ƙin karɓa ya zama mai haɗari shi ne sau da yawa ba ya zuwa da ciwo. Wani lokaci akan ga raguwar fitsari, kumburin ƙafa, zazzaɓi, hauhawar jini ko zafi a mara, inda ake dasa sabuwar ƙodar. Amma galibi alamar farko ita ce hauhawar sinadarin kiriyatinin a gwajin jini. Tabbatarwa kuwa sai an ɗebo ɗan ƙaramin yanki na ƙodar da allura an duba, bisa ma'aunin da masana suka fara tsarawa a garin Banff na Kanada a 1991.

Halin da ake ciki a Najeriya

An yi dashen ƙoda na farko a Najeriya a Asibitin St. Nicholas da ke Legas a shekarar 2000. A 2002 Asibitin Koyarwa na Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano suka fara nasu, sannan Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri ya bi sahu a 2010. Abuja kuwa ta zama ɗaya daga cikin wuraren da aka fi yin wannan aiki a ƙasar, musamman a asibitoci masu zaman kansu irin su Zenith Medical and Kidney Centre. Dashen da ake yi a ƙasar ya dogara ne a kan rayayyun masu bayarwa, abin da ke ƙara wa binciken 1995 muhimmanci a nan.

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta haramta cinikin sassan jikin ɗan Adam, ta kuma taƙaita dashe ga asibitocin da aka ba izini. A watan Maris na 2025 Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta ƙaddamar da ƙa'idojin dashen sassan jiki a Abuja, domin tsara yadda ake ba cibiyoyi izini da yadda ake kare masu bayarwa. Ta fuskar addini, Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na Jidda a 1988, ta halatta bayar da sashen jiki bisa sharuɗɗa, ta kuma hana sayar da shi.

Babban ƙalubalen da ya rage yana zuwa ne bayan an sallami majinyaci. Magungunan danne garkuwa ba sa sa jiki ya manta cewa ƙodar baƙuwa ce, suna dai riƙe shi ne kawai, don haka ana shan su kullum, a kan lokaci, muddin ƙodar tana jiki. Iyalai da dama kan tara kuɗin tiyata ta hanyar sayar da kadara ko gudummawar 'yan'uwa, ba tare da lissafin kuɗin magani da gwaji na kowane wata ba. Idan aka fara tsallake sha ko rage adadi don magani ya daɗe, sai jiki ya sami sararin ƙera sabbin antibodi, kuma ɓarnar da suka yi ba ta cika gyaruwa ba. Wani bincike da masana a Kanada suka jagoranta, wanda aka wallafa a 2012, ya gano cewa kusan rabin waɗanda suka rasa ƙoda saboda ƙin karɓa ba sa shan maganinsu yadda aka tsara.

Akwai kuma haɗarin cuɗanya magunguna. Rifampisin, wanda ake bayarwa don tarin fuka, yana rage ƙarfin takrolimus a jini ƙwarai, har ƙodar ta shiga haɗari idan ba a daidaita adadin ba. Wasu magungunan ƙwayoyin cuta kuma suna ƙara ƙarfinsa har ya zama guba ga ƙodar. Saboda haka likitoci ke gargaɗin mai dashe kada ya sha kowane magani, na kanti ko na gargajiya, sai da sanin likitansa, haka kuma ya nemi shawara kafin ya sauya lokutan shan magani saboda azumi. Danne garkuwar kansa yana buɗe ƙofa ga cututtuka, don haka zazzaɓin da wani zai raina, ga mai dashe dalilin zuwa asibiti ne a ranar.

Abin da ya bari

A 1984 Terasaki ya kafa kamfanin One Lambda mai ƙera kayan gwajin HLA, kuma a 2010 ya bai wa jami'ar da ta koyar da shi gudummawar dala miliyan 50. Ya ci gaba da bincike har zuwa rasuwarsa a watan Janairun 2016, yana da shekara 86.

Aikinsa ya bar wa duk iyalin da ke shirin dashe tambayoyin da ya kamata su yi wa likita kafin a sa ranar tiyata. Shin rukunin jinin mai bayarwa da na majinyaci sun dace? An tantance tamburan HLA na su biyun? An duba ko majinyacin na ɗauke da antibodi, musamman idan an taɓa yi masa ƙarin jini ko mace ce da ta haihu? Yaushe aka yi gwajin dacewa na ƙarshe, kuma an ƙara masa jini bayan nan? Sannan nawa ne kuɗin magani da gwaji a kowane wata, kuma daga ina za su riƙa fitowa a shekara ta biyu da ta biyar da ta goma?